Hoton Sallamar Auta

A gidansu Mai Taurari ake ce masa, kuma ba yabo ba ne. Yayarsa ce ta laƙaba masa, ranar da ta tarar da shi a saman bene lulluɓe da bargo, yana gadin kyamara kamar mai jinya. Da rana ma'aikaci ne a ɗakin gwajin jini na wani asibiti, mutum mai natsuwa wanda ba ya zubar da ko ɗigo. Amma da zarar sama ta washe, wata ya ɓuya, to a nemi wani, shi kam ya yi nisa.

Ba taurarin yake farauta ba. Akwai wasu gajimare na iska da ƙura can a tsakaninsu, masana na ce musu nebula. Ido ba ya ganinsu, sai kyamara ta daɗe a buɗe tana tara haskensu kaɗan-kaɗan. Yawancin hasken nan ja ne, jan da ya kusa fin ƙarfin idon ɗan Adam. To kowace kyamara tana zuwa da wani siririn gilashi a cikinta mai tare irin wannan ja, don fuskar mutum ta fito yadda Allah ya yi ta. Mai son nebula sai ya kwance kyamara ya cire gilashin. Daga ranar ta zama ta sama, mutane kuwa sai dai su yi haƙuri.

Abin haushin, kyamarar da ya kwance ba tasa ba ce, ta Baba ce. Baba ya ƙare ƙuruciyarsa a shagon hoto, har wayoyi suka zo suka cinye kasuwa. Da ya rufe shago ya dawo gidan ɗansa da zama, sai ya miƙa masa kyamarar ƙarshe da ya saya, ya ce, "Riƙe min." Bai ce na ba ka ba. Mai Taurari ya ji sarai, amma son zuciya ya fi kunne ƙarfi. Wata ranar Asabar, Baba ya tafi ganin likitan ido, ya baje ta a kan teburin cin abinci da 'yan ƙananan sukundireba. Gilashin ya fito, sai dai a gida biyu ya fito, ya tsage a bakin hantsaki. Ya naɗe guntayen a takarda ya jefa kwandon shara, ya yi wa kansa alkawarin gobe zai gaya wa Baba. Goben nan ita ce har aka shekara ba ta zo ba.

Sai tafiyar ƙanwarsa Auta ta taso. Mijinta ya samu aiki a wata ƙasa mai nisa, irin nisan da ba a cewa sai an jima. Ana gobe za su tashi, Mai Taurari ya dawo daga aiki da la'asar ya tarar an ture kujerun falo gefe, an rataya farin zanin gado a bango. Ga Baba a tsakiya da hular da yake sawa a shago, ga kyamarar a kan ƙafafunta uku.

"Yawwa, ga sarkin dare," in ji Yaya. "Zo ka tsaya, yau ƙasa za a ɗauka."

"Baba," ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "da mun yi da waya mana. Ta fi sauri."

Baba ya dube shi ta saman tabarau. "Waya? 'Yata za ta bar ƙasa, in sallame ta da hoton waya? Na ɗauki iyalan mutanen da ban ma san sunansu ba, nawa ne zan bar wa waya? Je ka wanke fuskarka."

Nan ne ya kamata ya buɗe baki. Amma ga mijin Auta, ga Yaya da bakinta mai kaifi, ga Baba yana kai da kawo da wani ƙarfin da ba a gan shi da shi ba tun rasuwar Mama. Sai ya ce wa zuciyarsa ja ne kawai, a kwamfuta zai gyara. Ya je ya wanke fuska.

Da wani ne ke riƙe da kyamarar, da dannawa ɗaya asiri ya tonu, don allon bayanta zai nuna. Amma Baba ɗan zamanin fim ne. Tun da ya sayi kyamarar ya juya allon ciki, bai taɓa buɗe shi ba. Cewa yake wanda ya danna ya leƙa baya, bai yarda da idonsa ba. Ta ƙaramar tagar leƙawa kuwa komai fes yake, don gilashin da aka cire ba ta nan yake ba.

Ya jera su. Ya ɗaga haɓar Auta da yatsa ɗaya, ya sauke kafaɗar mijinta, ya ce wa Yaya ta rage murmushin, ba tallan man goge baki ba ne. Sannan ya yi abin da bai taɓa yi ba: ya saita kyamarar ta ɗauka da kanta, ya zagayo da sauri-saurin tsufa, ya zauna a kujerar tsakiya. Duk hotunan gidan nan babu Baba a ciki, kullum shi ne a baya. Auta ta dafa kafaɗarsa. Kyamara ta yi ƙyas.

Baba ya zare katin ajiyar hotuna daga kyamarar da kansa, ya naɗe a hankici, ya sa a aljihun gaba.

"Kawo in kwafa maka a kwamfuta, Baba," in ji Mai Taurari.

"Tun da nake, ban taɓa ba wani aikina ya fara gani kafin ni ba."

Auta ta tashi da safe. Bayan kwana biyu Baba ya sa hularsa ya tafi shagon wanki da buga hoto, na wani tsohon yaronsa. Ya dawo kafin azahar da babbar ambulan, ya ajiye a kan teburin cin abinci. Yaya ce ta buɗe.

Fuskokinsu jajir, kamar an watsa musu ruwan zafi. Baƙar kwat ɗin mijin Auta ta koma ruwan hanta. Kuma ba launin kaɗai ba: cire gilashin ya gusar da saitin kyamarar, sai komai ya fito dishi-dishi. Idon Auta tabo biyu ne kawai. Baba a tsakiya, hula da gemu, babu fuska.

"Yaron da na koya wa riƙe kyamara," in ji Baba, "shi ya miƙo min wannan yana kallon ƙasa. Wai ko hannu ne ya motsa. Wane hannu, tana kan ƙafa?" Ya cire tabarau ya goge. "Likita ya gaya min akwai yana a idona, na ce ƙarya yake. Ashe saiti nake yi ban ga abin da nake saitawa ba. Shi ke nan, ido ya tafi."

Mai Taurari yana tsaye a bakin ƙofa. Ya ji kunya, ya ji tsoro, kuma, Allah ya yafe masa, ya ji wani ɗan sanyi a ransa da laifin ya faɗa kan ido.

Sanyin bai daɗe ba. Baba ya daina fita shi kaɗai. Mutumin da ke tsallaka titi yana zagin direbobi, yanzu sai ya lalubi bango kafin ya sauka mataki. Ya ba maƙwabci ƙafar kyamara kyauta. In Auta ta kira tana tambayar hoto, sai ya ce ana kan aiki, ya miƙa wa Yaya wayar. Mai Taurari ya samu katin, ya kwashe kwanaki a gaban kwamfuta. Jan ya ragu, amma abin da bai shiga hoto ba, babu na'urar da za ta sa shi.

Wata safiya ya yi ta maza. Sai dai ko a nan wayonsa bai bar shi ba. Ya ɗauko hoton nebula mafi kyau da ya taɓa yi, wanda ya buga babba ya ɓoye a bayan kabad, yana ganin mai hoto in ya ga aiki mai kyau zuciyarsa za ta yi laushi. Ya tarar da Baba a baranda yana shan hantsi. Ya durƙusa, ya ɗora masa hoton a cinya, ya faɗi komai: gilashin, hantsakin, kwandon shara, da shirun da ya yi a falo.

"Ba idonka ba ne, Baba. Saitinka daidai yake. Ni ne."

Baba bai ɗago ba. Ya karkata hoton wajen haske, ya bi shi daga kusurwa zuwa kusurwa yadda yake duba aikin yaransa. Jan gajimare mai ninki-ninki, baƙar ƙura ta ratsa shi, taurari ƙanana tas kamar kan allura.

"Ya fita," ya ce. "Babu rawa ko kaɗan. Wa ke ciki?"

"Ba kowa, Baba."

"Ba kowa." Ya gyaɗa kai. "Kana tsaye a bakin ƙofa ranar. Ka ji na ce ido ya tafi."

"Na ji."

"Ka ga ina lalubar bango."

Mai Taurari ya sunkuyar da kai.

Baba ya miƙa masa hoton da hannu biyu, a hankali, ta gefe-gefe, don kada yatsa ya ɓata shi.

"Da ka bar ni a kan idon," ya ce. "Ido na Allah ne, ya karɓi abinsa, har na fara yin haƙuri. Wannan kuma ban san inda zan kai shi ba."

Ya miƙe. Mai Taurari ya kai hannu zai kama shi. Baba ya kauce, ya shiga ciki shi kaɗai, bai taɓa bango ba.