Shaidar Kurma

A ofishin 'yan kwana-kwana babu wanda bai san tsanin babbar mota yana da ciwo ba. In an miƙe shi sai ya yi ta kuka kamar tsohuwar ƙofa, matakin sama kuma yana rawa. Dogo, wanda kullum shi ke hawa gaba saboda tsawon hannunsa, ya faɗa wa Oga har bakinsa ya gaji. Amsar ba ta canzawa: "Mun kai sama, ana dubawa."

Ranar da wani shagon katifu ya kama da wuta da rana tsaka, Dogo ya hau don ya fasa tagar bene. Matakin ya ɓalle. Faɗuwar ma bai tuna ta ba, sai dai ya farka a asibiti an sa masa ƙarfe a baya, ƙafar hagu ta daina jin maganarsa.

Oga ya zo dubiya da lemu da mai ɗaukar hoto. "Kai namu ne," in ji shi. "Diyyarka ka ɗauka tana aljihunka."

Dogo bai dogara da Oga ba. Da Kurma ya dogara, abokinsa da ke riƙe da gindin tsanin a ranar. Ba kurman gaske ba ne. Sunan ya bi shi ne don in an ce layinsa ne na wanke mota sai kunnensa ya toshe, in an ce abinci ya iso kuwa ko daga banɗaki zai ji. Tare suka shiga aiki, tare suka fara furfura, 'ya'yan Dogo ma Baffa suke ce masa.

Aka kira zaman kwamitin diyya a wani ɗaki mai dogon tebur, fanka na juyawa ba iska. Matar Dogo ta taimaka masa ya zauna, ta jingine sandarsa a bango. Oga ya tashi ya ce tsani lafiyarsa ƙalau, gaggawa ce ta sa Dogo ya taka ba daidai ba. Dogo ya yi murmushi kawai, ya san mai gaskiya na tafe.

Kurma ya shigo da guga a kakinsa, ya zauna bai kalli gefensu ba.

"Ka taɓa jin an yi ƙorafi a kan tsanin nan?" shugabar kwamitin ta tambaye shi.

Ya share wuyansa da hankici. "Ni dai ban taɓa ji ba, ranki ya daɗe."

Dogo ya jira ya ga ko wasan nan ne nasa da aka saba, ko zai fashe da dariya ya gyara magana. Kurma ya ci gaba da kallon takalminsa.

A baranda Dogo ya tare shi da sanda. "Kurma, dube ni. Ba kai ne kake cewa tsanin nan sai ya ci mutum ba?"

"Dogo, ka yi haƙuri. Saura kaɗan in yi ritaya. Oga ya ce in na buɗe baki, da ni za a fara, tunda ni ke riƙe da shi. Yara na makaranta."

"Nawa fa? A kasuwa suke?"

Kurma ya sauka matakala da sauri.

Kwamiti ya yanke cewa sakacin Dogo ne. Aka biya kuɗin asibiti, aka sallame shi daga aiki da takardar yabo. Wakilin ƙungiyar ma'aikata ya ce za a iya ɗaukaka ƙara in an sami mutum ɗaya da zai tsaya masa shaida. Dogo ya bi abokan aikinsa gida gida a adaidaita, matarsa na riƙe da shi. Kowa ya ba shi kujera mai kyau, kowa ya ce Allah ya sawwaƙe, babu wanda ya ce zai zo.

Da suka dawo, ta cire masa takalmi tana haki. "Baban yara, saura gidan wa?"

Ya murza gwiwarsa.

"Babu," in ji shi. "Gobe ki raka ni shagon Yaya. Ya ce yana neman mai zama a kanta yana karɓar kuɗi."