Bintu Ta Share Kwamfailar Sashe

Saba ɗaya ce tal a sashen kwamfuta, wani babban inji da kowane ɗalibi ke shiga da sunansa ya yi aiki a lungunsa. Ikon saka mata sabon abu kuwa na hannun Bappa Jalo shi kaɗai, mutumin da ko kujera ba ya yarda a sauya wa mazauni. Kwamfailar da ke ciki, wato manhajar da ke mayar da rubutun ɗalibi ya zama shirin da inji zai gudanar, ta tsufa tukuf. Bintu Deribe ta miƙa mata aikin digirinta na biyu, ta tofo mata shi.

Ta je ofis roƙon a sabunta, aka ce Bappa yana gonarsa a Vinikilang, sai an gama shuka. Ranar kare aikinta kuwa tana ta matsowa.

Tana ƙarama suka gudo daga Borno lokacin tashin hankali, wani ɗan kasuwa ya sauke su a gidansa a Nassarawo, cikin Jimeta. A can uwarta Kellumi ta koya mata zaman gidan mutane: ba a taɓa madafar masu gida, sai dai a jera duwatsu a gefe a dafa nasu. Haka Bintu ta yi. Ta sauko da sabuwar kwamfaila cikin wata folda, ma'ajiya a lungunta, ta harhaɗa ta a nan, ta nuna wa asusunta hanyar zuwa wurin. Aiki ya tashi garau.

Tahir, abokin karatunta, ya leƙo ya gani, ya ce, "Ke kaɗai za ki ci, Bintu? Haba!"

Kunya ta kama ta, ta buɗe masa foldar. Shi kuma bakinsa ba ya riƙe ko gyaɗa. Kafin a ce me, sashen duka ya koma aiki da kwamfailarta, ita ba ta sani ba.

Rannan aka ce Bappa zai dawo. Bintu ta tuna ya taɓa rufe asusun wani yaro saboda tara finafinai. In ya rufe nata, aikinta ya tafi ke nan, ga shi ba ta gama fitar da sakamako ba. Sai ta bi foldar ta share ta ƙal, yadda baƙo ke share ɗaki kafin ya miƙa mabuɗi.

Washegari sashe ya kaure da salati. Aikin kowa ya tsaya cik, har na malamai. Ba a jima ba aka ce Bappa na kiranta.

Ta shiga ta durƙusa. "Sannu da dawowa, Bappa. A yi haƙuri, na riga na cire."

"Shi ne na kira ki! Wa ya ce ki cire? Ni kaina da ita nake aiki daga gona. Na duba, ba ki taɓa komai nawa ba. Me ya kai ki?"

"Na ga ba gidanmu ba ne, Bappa."

Bappa ya sassauta murya.

"'Yata, duk shekarun nan a Jimeta, har yanzu jira kike a kore ki? Tashi ki mayar mana da kayanmu."

Bintu ta tashi da dariya, amma sai da ta share ido da gefen mayafi kafin ta iya ganin allon kwamfuta.