Motar Tsere a Kwanukan Inna Tani

Motar da marigayi Malam Abdulmumini ya bari a Kurugu ta shekara huɗu a gindin darbejiya, kaji na yin ƙwai a kujerar baya. 'Ya'yansa maza biyu ne. Sulle, babban, manomin gyaɗa ne, kuma tun tuni yake so a kira masu sayen tsohon ƙarfe su kwashe ta. Ashiru, ƙaramin, ya yi wata tara a garejin wani bakanike a Kano, ya dawo gida da sifana uku da waya cike da bidiyon tseren motoci.

Shi ne ya ce a bar masa motar. Akwai tsere a wani fili a bayan Kano ranar Asabar ɗin farko ta Oktoba, har ya ba da sunansa. Sulle bai yi gardama ba. A gaban mahaifiyarsu, Inna Tani, ya ce in motar ta je filin nan da ƙafarta, ta zama ta Ashiru har abada. In ba ta je ba, shi zai yi yadda ya ga dama da ita, kuma kada a zo masa da magiya.

Ashiru ya fara da ciki. Ya cire kujerun baya da ta mai zaman banza, ya yaye shimfiɗar ƙasa, ya ɓalle kwalin ƙofofi, har madubin kwalliya bai bari ba. Duk wanda ya tsaya kallo sai ya sha bayani a kan nauyi da gudu. Sauda, matar Sulle, wadda ke da tsohon ciki a lokacin, ta ce ita dai ba ta taɓa ganin gyaran da ake yi da ragi ba, in ya ci gaba a haka zai je tseren da sitiyari kawai a hannu.

Da ya zo kan injin ne ya nuna lallai ya zauna a birni. Ya roƙi Inna ta ara masa kwanukanta, ta buɗe masa kabad. Kwano talatin da ɗaya ya jera a ƙarƙashin rumfa. Kowanne da notunan wuri guda, da 'yar takarda a ciki mai cewa waɗannan na kafireto ne, waɗancan na kan injin ne, na dama, na hagu. Gaskiya tsarin ya yi kyau. Mutane sun riƙa leƙowa kamar ana kallon kayan ɗaki.

Sauda ta haihu saura kwana goma sha takwas tseren. Ranar suna Ashiru ya halarci addu'a da safe, ya taya fiɗar rago, sannan ya ɗauki lagireto a babur ya tafi Ƙaraye a yi masa walda. A ganinsa suna ya ƙare ke nan. Bai tuna cewa gidan suna sai ya aika wa kowane gida a unguwa da waina da tuwo ba, bai kuma tambayi kansa a me za a zuba ba.

Bayan la'asar ya dawo ya tarar da rumfa fayau. A tsakiya akwai bokiti guda, cike da notuna suna ƙyalli. Mata sun wanke su tas da omo da toka.

"Inna, ina takarduna?"

"Na ƙona su."

"Kin ƙona?"

"To, rubutu ne fa, ɗan nan. Iska na ta watsa su, mata na takawa. Na san ko da sunan Allah a ciki? Ka yi karatu amma ka bar rubutu a ƙasa."

Sauda daga ɗaki ta ɗaga labule ta ce ai godiya ya kamata ya yi, dauɗar da suka fitar daga ƙarafan nan ta isa takin gona. Ashiru ya dubi uwarsa. Ya zauna kusa da bokitin har aka kira magariba.

Kwana goma sha ɗaya ya yi a kan tabarma yana gwaji. Noti ya shiga rami ya yi zagaye biyu ya cije, ya fitar ya gwada wani. Ya kira Ɗanmaliki, tsohon bakanike na Ƙaraye. Mutumin ya zo, ya tsoma hannu a bokitin kamar mai duba gero a kasuwa, ya ce tun yana yaro yake kwance injin bai taɓa rubuta komai ba, amma kuma bai taɓa kwance shi a kwanon uwarsa ba. Ya ci sauran soyen suna ya tafi.

Asabar ta zo ta wuce. Ashiru ya kalli tseren a waya, zaune a kan tayar motarsa. Sai ranar Talata injin ya yi tari, ya yi aman hayaƙi, ya tashi. Notuna tara suka rage a bokitin, babu wanda ya san gurbinsu.

Sulle ya dawo daga gona ya ji ƙarar. Ashiru ya miƙa masa makulli, yana jiran a ambaci masu sayen ƙarfe. Sulle ya zagaya motar sau biyu. Ya buɗe ƙofar baya, ya daɗe yana kallon cikin da babu kujera, sannan ya shiga aunawa da taƙi, tsawo da faɗi.

"Ba zan sayar ba," in ji shi. "Ashe ka iya aiki. Buhu goma sha huɗu za ta ci."

"Yaya, motar tsere ce fa."

"Na sani. Shi ya sa kai za ka ja ta. Ranar kasuwa ka tashi da wuri, gyaɗar tana rumbu. Kuma a hankali za ka tafi, hanyar Ƙaraye akwai ramuka, buhunan ma tsofaffi ne."