Dattin Gindin Kwalba

A ɗakin binciken magunguna ba mai kiranta Dakta sai baƙo da Farfesa. Uwar Tarkace ake ce mata, kuma ta ci sunan, don ba ta zubar da komai. Ruwan da ta wanke sinadari da shi, da gurɓin da ya kwanta a gindin kwalba, duk sai ta ɗura, ta manna takarda, ta rubuta kwanan wata, ta cusa can ƙarshen firji. Masu shara sun yi mita har sun gaji, ita kuwa ko a jikinta.

Shekara uku ke nan tana haɗa wani maganin farfaɗiya. Haɗin farko ya fito rawaya-rawaya, da ɗan danƙo, amma da aka ba ɓerayen gwaji masu ciwon, sai faɗuwarsu ta ragu ƙwarai. Farfesa, shugaban sashen, mutum ne da ko alƙalami sai ya goge kafin ya riƙe. Ya dubi garin, ya yatsine fuska, ya ce ba za a fita kunya da ƙazanta ba, a tace. Ta tace sau uku har ya yi fari tas. Aka ba ɓeraye, kamar an shuka dusa.

Ya kira ta ofis.

"Dakta, sakamakon farko kuskure ne. Ƙarshen wata kwamiti zai rufe aikin nan. Ki koma wajen masu maganin ciwon kai, suna neman hannu."

"Ranka ya daɗe, ba kuskure ba ne. Maganin ya samu, mu muka wanke shi."

"Wato dattin ne ya yi aikin?"

"Abin da muka kira datti dai."

Ya yi dariya har da buga tebur. "Kwana goma gare ki. Kada ki ce na hana ki."

Dariyar ta yi mata ciwo, ba ƙarya. Tana da yaya mai farfaɗiya, tela ne, ya sha magani kala huɗu, har yau ba a barinsa shi kaɗai kusa da wuta. Amma ba ta kawo zancensa ba, don ta san tausayi ba ya cin gardama a wannan ofis.

Ta durƙusa gaban firji ta yi ta zaro kwalabe har ta kai ga na tacewar nan uku. Ta busar da ruwan, ya bar mata wani gari ja-ja, abin da bai cika cokalin shayi ba. Ta shirya kwalabe uku iri ɗaya: farin magani a ɗaya, ruwan gishiri a ɗaya, garin nan a ɗaya, ta naɗe kowacce da baƙin tef. Farfesa da kansa ya juya mata baya ya sa musu lamba, ya rubuta sirrin a takarda, ya liƙe ambulan, ya jefa aljihu. Aka raba ɓerayen keji uku, kowane keji da kwalba mai lambarsa.

Mai ƙirga faɗuwar ɓerayen wani dattijo ne da kowa ke kira Baba, shekara ashirin yana kula da kejinsu.

"'Yata," ya ce, "raɗa mini wacce ce taki, don in ba ɓerayen da kyakkyawar niyya."

"Ni ma ban sani ba, Baba. Ido in ya san abin da yake so, shi zai gani."

"To, Allah Ya ba mai rabo sa'a."

Kwana bakwai Baba yana zaune kan kujerarsa da littafi a cinya, duk ɓeran da ya sandare sai ya ja layi. Ita kuwa ta hana ƙafarta shiga ɗakin. Ta ci abincinta, ta yi barcinta, har abokan aiki suna cewa ko dai ta haƙura ne.

Ranar da wa'adi ya cika, Baba ya ajiye littafin gaban Farfesa. Kejin farko, faɗuwa arba'in da ɗaya. Na uku, talatin da takwas. Na biyu, shida.

"Kafin ka buɗe, ranka ya daɗe," in ji ta, "ta biyu ce tawa."

Ya yage ambulan, ya karanta. Ya cire tabarau, ya goge, ya sake karantawa. Sai a lokacin daɗi ya cika ta har ta rasa inda za ta sa ido.

"Mene ne a cikinsa?" ya tambaya a hankali.

"Ban sani ba tukuna. Ka ba ni wata shida, zan kawo maka sunansa."

"Saura nawa ya rage?"

"Rabin abin da na samu."

Farfesa ya miƙe da sauri har kujera ta faɗi. Ya leƙa ƙofa, ya hangi mai shara ta nufi ɗakin bincike da bokiti, ya ɗaga murya yadda ba a taɓa ji ba.

"Tsaya nan, baiwar Allah! Daga yau kada wanda ya wanke ko cokali a ɗakin nan sai Dakta ta gani!"