Motar da Aka Juya wa Sitiyari

Malam Barau ya kai hannu zai ba da sigina a mahaɗar Yalwawa, sai abin goge gilashi ya hau kaiwa da komowa a kan busasshen gilashi. Matarsa Lauratu ta sa bakin mayafi ta rufe baki, kafaɗunta na rawa.

"Ki yi dariyarki," in ji shi. "Dillalin ya ce kafin wata ya mutu zan saba."

"Ni ban ce komai ba, Baban Zulfa."

Ai kuwa ta riga ta ce, tun ranar da ya zo da maganar. Motar 'yar Kwatano ce, daga ƙasar da direba ke zama a dama, aka ciro sitiyarin aka dasa shi a hagu. Abin da ya sa ta yi araha ke nan, har malamin firamare irinsa ya iya saye. Lauratu ta ce ita hankalinta bai kwanta da abin da aka yanka aka haɗa da walda ba. Shi kuwa ya ce ya gaji da ɗora iyalinsa a babur, ruwa ya dake su, rana ta dake su.

Yau ƙauyensu na Buji suka nufa, ɗauko mahaifiyarsa. Tun bara ƙafar Inna ke kumbura, amma ta ƙi zuwa asibiti a Dutse. Ba ta iya hawan babur, motar haya kuma a cewarta cusa mutane ake yi kamar buhunan gero.

Da suka isa, Inna ta dogara sanda ta fito, ta shafa jikin motar da tafin hannunta, ta yi ta sa albarka. Lauratu ta bar mata gidan gaba, ta ja mata kujerar zuwa baya don ta miƙe ƙafa. Maɓallan gilasai duka suna nan a ƙofar dama inda aka ƙera su, Inna kuwa ba ta daɗe ba ta gano su. Ta sauke na Barau, ta ɗaga na Lauratu, ta sake saukewa.

"Ashe ni ce direban," ta ce.

Barau ya yi dariya har da buga cinya. Rabonsa da ganin ta cikin nishaɗi haka tun kafin ciwon.

Sun hau kwalta, gero ya yi shar dama da hagu, sai motar ta faɗa wani rami. Wani abu ya yi ƙara a ƙarƙashin ƙafarsa. Ya murza sitiyari zai bi kwana, sitiyarin ya juya a hannunsa sakayau, motar kuwa ta miƙe abinta.

"Innalillahi!" Lauratu ta riƙo kafaɗun Inna ta baya.

Barau ya danne birki da duk ƙarfinsa. Allah ya sa ba gudu yake ba. Motar ta sauka daga titi, ta ratsa ciyawa, ta nutse a laimar wata gonar gyaɗa, ta tsaya a karkace.

Can Inna ta gyara ɗankwalinta.

"Mun iso ne?"

Barau ya kashe motar. Ya fito, ya zagayo, ya buɗe ƙofarta, ya durƙusa a cikin taɓo yana duba ƙafarta. Ko ƙwarzane babu. Ya kalli kwanar, ya kalli wani kwalbati da saura kaɗan su afka masa, sai ya kifa goshinsa a gefen kujera.

"Inna, ki yafe mini. Araha na bi."

"Tashi, ɗan nan, kana ɓata wandonka."

Ya miƙe ya koma bayan motar. Lauratu ta biyo shi. Ya jira ta tuna masa da gargaɗinta, amma sai ta miƙa masa gorar ruwa.

"Gobe zan sayar da ita," ya ce.

"Wa za ka sayar wa? Wani mai uwa irinka?"

Ya karɓi gorar ya kurɓa.

"A kai ta Kano," in ji ta a hankali. "A cire abin da suka yi wa walda, a sa na gaske. Ko za ta shekara a ajiye, babur ɗinmu yana nan. Ka ga fa yadda Inna ta miƙe ƙafa."

Ya gyaɗa kai, ya koma ya zare makullin ya sa a aljihu.

Mai gonar, wani dattijo mai suna Lado, ya iso da fartanya a kafaɗa. Ya yi musu jaje, ya ce gyaɗa ba komai ba ce, su bar motar zai kula da ita. Shi ya tsayar musu da motar haya mai zuwa Dutse, ya roƙi wani fasinja ya bar wa Inna gaba.

Aka ɗora ta da ƙyar, ta takure ƙafar tana cije leɓe. Barau ya matsu a baya, kansa a sunkuye. Direba ya tayar, sai Inna ta taɓa hannunsa, ta nuna masa gonar gyaɗar, inda motar ke karkace da taɓo har ƙofa.

"Yaro, ka ga waccan?" ta ce. "Ta ɗana ce."