Akwatunan Baba Fayil

"A hankali, tela! Ba buhun gawayi ka ɗauko ba," in ji Baba Fayil daga kan gado. Murya ta shaƙe, amma faɗan yana nan daram.

Tela ya dire akwatin ƙarfe na uku yana haki. Shekara ashirin suna maƙwabtaka, sai yau ya san abin da ke jibge a kusurwar ɗakin nan: taswirori da rajistar rijiyoyi na tsohon ofishin ruwa, wanda aka rushe tun tela yana koyon zura zare a allura. Ranar rushewar aka ce wa Baba, magatakardan ofishin, ya cinna musu wuta. Shi kuwa ya san doka, takardar gwamnati mai tarihi ba a ƙona ta sai da izinin gidan adana tarihi na ƙasa. Ya ce "to", ya yi ta kwaso su gida a bayan keke.

"Ko ashana ban isa in shigo da ita ɗakin nan ba," in ji matarsa Inna. "Shekara talatin ina shara ina kewaye su kamar surukai."

Likita ya riga ya faɗi gaskiya, Baba ma ya sani. Burinsa ɗaya, takardun su shiga gidan tarihi da ransa, kada a wayi gari ana ƙunsa gishiri da su.

Ma'aikaciyar gidan tarihin da tela ya ɗauko ta buɗa fayil biyu, ta riƙe baki.

"Baba, wannan ai dukiya ce! Sai dai doka ta hana mu karɓa sai da wasiƙar miƙawa daga jami'in ofishin."

Tela ya dubi Baba. Ofishin da yanzu ya zama shagon faci?

Baba ya yi dariya har da tari. "'Yata, ranar da aka rufe, ba wanda ya zo ya karɓi aiki daga hannuna. Har gobe ni ne jami'in. Inna, hatimi!"

A gwangwanin maɓallanta aka samo shi. Tawada ta bushe ƙamas, Inna ta ɗiga mata ruwan shayi. Baba ya faɗa, tela ya rubuta, aka gyara masa waƙafi sau biyu. Sannan Baba ya sa hannu, ya danna hatimi da dukan ƙarfinsa. Ma'aikaciyar ta buga wa shugabanta waya, ta dawo tana dariya, ta miƙa masa takardar shaidar karɓa.

"Alhamdulillahi," Baba ya ce. "Yau na tashi daga aiki. A ba ni sauran shayin."

Bayan kwana biyu, da hantsi, Allah ya karɓi abinsa. Tela ya yi kuka sosai, bai ɓoye ba.

Da aka watse zaman makoki ya leƙa ya gaishe da Inna, ya same ta tana shara. Kusurwar nan fayau take, ba komai, amma tsintsiyar ta zo ta kewaye ta, ta wuce.