Wainar Da Ba Ta Kwana

Kular wainar tana ƙona wa Falalu cinya tun daga Manchester. Bai sauke ta ƙasa ba. Yaya Asama'u ta ce idan miyar ta zube a cikin bas, kada ya sake taka ƙofar gidanta.

Shekarun nan ne da gwamnati ta ce kowa ya tsuke bakin aljihu. An rufe laburaren unguwarsu, an rufe gidan wasan yara. Daga nan abin ya iso kamfanin da Falalu yake wa aiki, masu gyara wa hukumar birni magudanan ruwa. Aka tara su aka ce kujerar injiniya biyu za ta koma ɗaya. Su biyun kuwa shi ne da Dalyop, mutumin Jos, wanda teburinsa ke kallon nasa shekara da shekaru. Ranar Litinin kowannensu zai shiga intabiyu, ya roƙi aikin da yake yi tun tuni.

A wancan taron manaja ta tambayi Falalu ko yana da abin cewa. Ya buɗe baki, magana ta ƙi fitowa. Ko tari bai fito ba. Abin da yake tsoro ke nan, Litinin ta zo ya zauna gaban mutane kamar an ɗaure masa harshe. Barci ya gudu. Abinci ya daina shiga. Shi da Dalyop suka koma gaisuwa da ka.

Likitarsa ta unguwa ta sa sunansa a layin masu ganin likitan damuwa, ta ce layin sai baɗi. Kafin nan, in ji ta, akwai wani gidan 'yan addinin Buddha a unguwar Ladywood, nan cikin Birmingham, suna koya wa mutane zama shiru, kyauta. Falalu ya yi tsaki a zuci. Bayan mako guda ya je. Ya zauna can baya, kusa da takalma. Bai rusuna wa mutum-mutuminsu ba, ba kuma wanda ya ce ya rusuna. Malaminsu wani tsoho ne siriri, kai ƙwal, da mayafi ruwan goro. Bante suke ce masa, wato "ranka ya daɗe" a harshensu. Abin da yake koyarwa bai wuce a zauna a ji numfashi yana shiga yana fita ba.

Abin haushin, a ranakun da ya je yakan ɗan runtsa.

To mutum ba ya cin ilimin malami hannu rabbana. Ya gwada miƙa wa Bante ɗan abin goro, tsohon ya mayar da hannuwansa baya, wai ba ya taɓa kuɗi. Abinci fa? Abinci yana karɓa. Shi ya sa Falalu ya tafi unguwar Cheetham Hill a Manchester wurin yayarsa, don a duk ƙasar nan ba mai suyar waina kamarta. Akwai kuma abin da bai faɗa wa kowa ba. A gida, in ka kai wa malam abinci ana gobe babbar rana, malam yakan ce wani abu. Ko da "za a dace" ne kawai. Wannan kalmar yake so ya ji daga bakin wani.

Tun asuba Yaya ta kafa tanda, tana juya waina tana juya shi da tambaya.

"Wane malami ne wannan a Birmingham da ban san shi ba?"

"Baƙo ne, Yaya. Daga gabas yake."

"Balarabe?"

"Ya wuce nan."

"To ka ce ya saka mu a addu'a. Kai kuma ka dubi wuyanka. Aiki ne kawai fa, Falalu, ba rai ba. Ina tawakkalin?"

"Yana nan."

"Yana ina? Tun jiya cokali biyu ka ci a gidana."

Ai dole ta faɗi haka. Ita likita ce, kujerarta ba mai taɓawa.

Bas ta iso Birmingham da hantsi, hanya fayau, ba cunkoso ko kaɗan. Falalu ya duba agogo. Wa zai shiga wa babban mutum da abincin rana sha ɗaya ba ta yi ba? Sai a ce ba a koya masa komai a gida ba. Abincin rana bayan azahar ne, kowa ya san wannan. Ya samu benci a bakin tafkin da ke kusa da gidan, ya zauna rungume da kula, iska na dukansa. Yana kallo wasu mata suka wuce da kwanuka a rufe, suna sauri. Ya ce a ransa, waɗannan sun makara da karin kumallo. Ya jira. Ya je masallaci ya yi azahar. Sannan ya gyara hula ya ƙwanƙwasa ƙofa.

Bante yana share tsakar ɗakin zaman. Falalu ya durƙusa ya ajiye kular, ya buɗe. Ƙamshin miyar taushe ya cika ɗakin.

Tsohon ya dubi abincin, ya dubi agogon bango, ya yi ajiyar zuciya.

"Ayya, Falalu. Rana ta wuce tsaka."

"Shi ya sa na zo yanzu."

"Mu ba ma cin abinci in sha biyu ta wuce. Sai kuma gobe da safe."

Falalu ya ɗauka bai ji Turancin daidai ba. "Yau kawai?"

"Kullum."

"Tun kafin sha ɗaya ina zaune a bencin can!"

"Na gan ka ta taga. Na ce yau Falalu ya samu natsuwa, yana zaune shiru shi kaɗai. Har na ji daɗi."

Falalu ya danne abin da ya zo masa baki. "To a ajiye. Ka ci gobe."

"In na karɓa da hannuna, ba ya kwana. Ba ma ajiye abincin gobe. Mai kula da kicin zai iya sa shi a firji, amma ba nawa ba ne sai wani ya miƙo min da safe. Kai za ka zo?"

"Gobe ce Litinin ɗin."

"Ah. Litinin ɗin."

"Kuma waina ba ta kwana a firji. Dutse take zama."

"Ka gani," in ji Bante, "ita ma ba ta yarda da gobe ba."

Falalu bai yi dariya ba. Tun daga Manchester. Yaya ta tashi da asuba. Cinyarsa har yanzu zafi take.

"Yanzu kai ba ka san abin da za ka ci gobe ba?"

"Ban sani ba. Yawanci wani yakan zo."

"In ba wanda ya zo fa?"

"Sai in ji yunwa gobe. In na fara jin ta tun yau, ta zama biyu." Ya jingine tsintsiyar ya zauna a ƙasa. "Kada ka ɗauka ba na jin ƙamshin nan. Hancina bai ɗauki alkawarin komai ba."

Falalu ya sunkuyar da kai. Tunda an zo nan, gara a gama. "Bante, kai da ka daɗe kana wannan zaman, me ka gani? Zan samu?"

"Ban sani ba."

"Ko a ranka?"

"Ban sani ba. In na ce maka za ka samu, ƙarya na sayar maka da waina."

"To mene ne amfanin..."

"Ka shirya wa tambayoyinsu?"

"Tun tuni."

"To shiri ya ƙare. Abin da kake yi yanzu ba shiri ba ne. Nuna min Litinin ɗin a ɗakin nan."

Falalu ya waiga ya dubi kusurwoyin ɗakin.

"Ba ta zo ba. Ba wanda ya taɓa ganinta. Abin da ya zo shi ne ƙirjin da ya ɗaure, da hannun nan da ke rawa. Su suna nan, ana iya zama da su. In tsoron ya taso gobe, kada ka kore shi, kada kuma ka bi shi. Ka ce, ga tsoro ya zo. Ka ja numfashi ɗaya. Sai ka amsa abin da aka tambaye ka kawai."

"Wannan ai yayata ta faɗa min da safe. Ba kuɗin mota."

"Da ka saurare ta." Ya nuna kular da haɓa. "Abin nan yana hucewa. Wa ka sani da bai ci abinci ba yau?"

Falalu ya rufe kular da ƙarfi fiye da yadda ya kamata. Ya yi sallama a daƙile ya fita.

A tashar bas ya tsaya yana huci. Ya zubar? Yaya za ta ji a jikinta. Ya kai gidansa? Cokali biyu zai ci, sauran ya zauna yana kallonsa. Duk garin nan mutum ɗaya ya sani da tabbas cikinsa a ɗaure yake kamar nasa. Ya yi tsaki. Bas ɗin Aston, unguwar su Dalyop, ta zo, ya shiga.

Dalyop ya buɗe ƙofa da singileti, gemu ya fito masa barkatai, idanu jajur. Ya dubi Falalu, ya dubi kular.

"Bakano. Guba ka kawo min?"

"Da guba zan ba ka, ba zan ɓata wainar Yaya ba. Matsa."

Takardu ne ko'ina a falon, har kan talabijin. Dalyop ya ture su gefe, ya kawo faranti. Suka zauna a ƙasa.

"Matata Celestina ta kwashe yara sun tafi coci tun safe," in ji shi. "Ta ce in na ci gaba da yi wa madubi intabiyu, sai ta kira min fasto."

"Madubin ya ɗauke ka?"

"Ya ce za su neme ni."

Falalu ya ji dariya ta kufce masa ta hanci. Ya yanki waina ya dangwala. Da sauran ɗuminta.

"Tsakani da Allah, wa aka soya wa wannan? Na san ba ni ba ne."

"Wani malami."

"Ya ƙi ci?"

"Ba ya ci bayan sha biyu."

"Wane irin malami ne haka?"

"Ci abincinka, ɗan Jos."

Suka ci. Ba wanda ya ambaci gobe sai can, da Dalyop yana suɗe yatsa.

"Ka san ɗayanmu zai tafi."

"Na sani."

"Ina so ya zama kai ne."

"Ni ma ina so ya zama kai ne."

"To madalla. Miƙo miyar."

Ba su bar ko ɗaya ba. Falalu ya jingina da kujera don ya huta kaɗan, sai farkawa ya yi ya ji yaran Dalyop suna gardama da Turancin Birmingham kan ko baƙon ya mutu ne.

Washegari mutum uku ne a bayan tebur, manaja a tsakiya. Tambayoyin farko ya amsa su da ƙyar. Sai manaja ta gyara tabarau ta karanto daga takardarta.

"A ina kake ganin kanka nan da shekara biyar?"

Maganar ta maƙale. Kamar wancan karon, ba bambanci. Shekara biyar. Mutanen da ba su san ko kamfanin zai kai baɗi ba.

Ga tsoro ya zo, ya ce a ransa, cike da haushin tsohon. Ya ja numfashi ɗaya. Ya shiga. Ya fita.

"Ban sani ba," in ji shi.

Manaja ta ɗago kai.

"Ban sani ba, gaskiya. Amma na san magudanar da ke ƙarƙashin gadar bayan kasuwa ta cika da yashi. In ba a kwashe ba kafin ruwan hunturu, shagunan layin nan za su sha ruwa. Ko ni ko Dalyop, duk wanda kuka bari, da ita ya kamata ya fara."

Daga nan maganar ta ci gaba da fitowa. Sai da suka ce ya isa.

Dalyop na zaune a baranda da taye a karkace, yana jiran a kira shi.

"Yaya?"

"Sun ce sai Juma'a. Gyara tayenka."

A waje wayarsa ta yi ƙara. Yaya Asama'u ce.

"Ya aka yi? Ka iya magana?"

"Na yi."

"Alhamdulillahi. Malam ya ci wainar?"

"Bai ci ba. Azumi yake."

"Ranar Lahadi? To me ya ce, za a dace?"

"Ya ce bai sani ba."

"Bai sani ba? Na tashi da asuba saboda bai sani ba? Falalu, ka dawo min da kulata."

Ya ce to. Ya kashe wayar, ya tsaya a bakin titi yana dube-dube. Yunwa yake ji, kuma sha biyu ba ta yi ba tukuna.